Tsoron kada fiyano ya danne celo: ina zan kafa makirufo?

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, ina cikin damuwa. An ɗora mini nauyin naɗar sautin wani kiɗa da za a yi a gaban jama'a, babban fiyano da celo, wato babban gogen nan na Turawa, su biyu rak, kuma sau ɗaya za a yi, babu maimaici. Zauren matsakaici ne. Na saba naɗar hira da muryar mawaƙa a ɗaki, amma ban taɓa irin wannan ba. Ina da rikoda mai layi huɗu, da ƙananan makirufo kondensa guda biyu iri ɗaya, kadiyod, wato masu ɗaukar sauti ta gaba, da babban kondensa guda mai sauya fuskar ɗauka, sai makirufo dainamik na hannu. Tsorona shi ne fiyano ya danne celo. Wani mai haɗa lasifika ya ce in zura guda biyu a cikin fiyano in sauke murfin, in kai ɗaya bakin ramin celo, sauran gyara a kwamfuta. Masu zauren kuma sun ce ba sa son ganin sanda a gaban dandamali saboda masu bidiyo. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kayan da ke hannunka sun ishe ka. Shawarar da aka ba ka ce za ta iya ɓata maka aiki, kuma zan daɗe a kanta, domin babu abin da aka fi kawo mini ana roƙon in ceto kamar sautin da aka naɗa ta wannan hanya.

Ga aikin tukuna a taƙaice. Ƙananan kondensan nan biyu su ne ginshiƙi. Ka ɗora su a kan sanda ɗaya, tazarar santimita 17 tsakanin kawunansu, kusurwar digiri 110 a tsakani. Wannan shi ne tsarin ORTF, wanda gidan rediyon Faransa ya fito da shi wajen 1960, kuma har yau da wuya ya ba mutum kunya. Idan ka ji hoton sitiriyon, wato shimfiɗar sauti daga hagu zuwa dama, ya matse, ka gwada tsarin NOS na rediyon Holan, santimita 30 da digiri 90. Ka kafa sandar tsakanin mita 2 zuwa 3 daga mai celo, tsayinta kamar mita 2 zuwa 2 da rabi, kawunan sun ɗan sunkuyo. Daga nan sai kunne. Dainamik ɗin kuwa ka bar shi a jaka, ko ka ba mai gabatarwa ya yi sanarwa da shi.

To, yanzu ga shawarar mutumin naka. Tushenta wani tunani ne da ya zama ruwan dare, wai duk yadda makirufo ya kusanci kayan kiɗa haka sauti ke ƙara tsabta, wai kuma in kowane kaya yana da layinsa to ikon daidaitawa yana hannunka. A wajen mai haɗa lasifika wannan gaskiya ce, domin shi abokin gabarsa kukan lasifika ne, kuma kusantar da makirufo ita ce maganinsa. Kai ba lasifika kake ciyarwa ba. Ya ba ka maganin ciwon da ba shi ke damun ka ba, kuma irinsa sun cika intanet, kowa da bidiyonsa, kowa ya zura makirufo a cikin fiyano yana murmushi, ba ka taɓa jin ya kunna maka abin da mai zama a kujera ta biyar ya ji don ka gwada ba.

Fara da celo. Amonsa ba daga wuri ɗaya yake fita ba. Iskar da ke cikin akwatin tana da nata amon a wajen Hz 100, wato kaɗawa 100 a daƙiƙa, kuma ta ramuka biyu da ke allon gabansa take huci. Allon gaba da na baya kowanne yana kaɗawa ta hanyarsa, ƙananan muryoyi suna watsuwa ta ko'ina, masu kaifi kuma suna bin wasu kusurwoyi, wasu gaba, wasu sama, wasu su daki daɓe su dawo. Abin da muke kira muryar celo haɗuwar waɗannan ne duka, kuma ba sa haɗuwa sai an ɗan ja baya. Wanda ya kai makirufo bakin rami kamar mai son ganin tsayin bishiya ne ya manna goshi a jikinta. Gurnanin iskar akwatin zai samu. Sannan kadiyod, da duk wani makirufo mai fuska, yana kumbura kaurin sauti idan ya matso kusa, don haka gurnani ya hau kan gurnani. Yawancin celo kuma suna da wata murya mai gardama a tsakanin E da F mai kaifi, wadda makaɗi ya yi shekaru yana koyon lallashinta. A kujerar mai sauraro ba a cika lura da ita ba. A bakin rami ita za ta riƙa tsalle duk lokacin da aka taɓa ta. Ƙara da ƙarar izga a kan tsirkiya, da zamewar yatsu, da numfashin makaɗin, wanda a wurin da kiɗa ya yi zafi ba ƙaramin numfashi ba ne.

Da a ce duk wannan asarar tana sayo maka rabuwa da fiyano, da sai mu ce an yi ciniki. Ba ta sayowa. Dubi yadda suke zama: mai celo yana gaba, yawanci daidai lanƙwasar fiyano, murfin yana buɗe ta bayansa. Makirufon da ka tsayar a gabansa yana kallon celo, to fiyano ma yake kallo, kai tsaye. Kurman gefen kadiyod yana bayansa ne, wato wajen 'yan kallo. Ka toshe tarin jama'a, ka buɗe wa fiyano ƙofa. Ranar da ka zauna gyara ka ɗaga layin celo, sai ka ji fiyano ya taso tare da shi, kuma mummunan fiyano, wanda ya ratso ta jikin mutum da kujera.

Cikin fiyano ma haka. Babban fiyanon zaure irin Steinway D tsawonsa santimita 274 ne, kuma allon amonsa gaba ɗaya ke magana. Makirufon da ke santimita 15 daga tsirkiyoyi, tsirkiyoyin da ke ƙarƙashinsa yake ji, na nesa kuma su dushe, sai makaɗi ya bi maɓallai daga ƙasa zuwa sama da ƙarfi ɗaya amma a naɗe ka ji wasu sun yi ihu wasu sun noƙe. Za ka ji bugun 'yan gudumomi, ka ji huuu ɗin nan na dampa, wato abin da ke tsayar da amon tsirkiya, duk lokacin da aka taka feda, ka ji ƙafar makaɗi. A kiɗan zamani mai ganguna ana son wannan kaifin, domin ya huda ta cikin hayaniya. A nan babu hayaniyar da za a huda.

Sai kuma lissafi, wanda shi ne masu cewa "a gyara a kwamfuta" ba sa son a tayar. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. Idan amo ɗaya ya isa makirufo biyu da bambancin tafiyar santimita 34, ɗaya ya makara da milisakan 1. Ka haɗa su da ƙarfi daidai, za su kashe juna a Hz 500, da 1500, da 2500, haka har sama. Shi ne sautin nan mai kama da ana magana ta cikin bututu. Makirufo uku a warwatse, kayan kiɗa biyu, kowanne yana shiga kowanne da tasa makarar. Kana iya jinkirta layi ya daidaita da celo, amma a lokacin ya kauce wa fiyano, domin nisan ba ɗaya ba ne. Babu manhajar da za ta zare fiyano daga layin celo ta bar maka celo lafiya. Muryoyinsu a wuri ɗaya suke zaune. Tsirkiyar celo mafi kaurin murya tana kan Hz 65 ne, kuma daga nan zuwa sama duk inda ya taka, hannun hagu da tsakiyar fiyano suna nan. Waɗanda ke tallar manhajojin raba sauti su gwada a kan wannan su kawo mu ji.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba na lissafi ba ne. Mutanen nan biyu sun yi makonni suna gwaji, suna sasanta inda fiyano zai ja baya da inda celo zai shige ƙarƙashi da gangan. Daidaiton da kake tsoron rasawa sun riga sun gina shi, a iskar zauren yake, kuma nasu ne. Mai makirufo a cikin fiyano ya zubar da wannan duka, ya zauna shi kaɗai da dare yana ɗaga wannan yana sauke wancan, yana yanke hukuncin da ba a ba shi ba. Sau da yawa wurin da yake jin celo ya nutse, mawallafin kiɗan ne ya so ya nutse.

Ban ce tsoronka banza ba ne. Fiyanon yau mai firam ɗin ƙarfe ya fi na zamanin Beethoven, mawallafin kiɗan nan Bajamushe, ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sonatocinsa biyu na farko na celo, na 1796, an rubuta su ne don fiyanon katako mai sanyin murya. Rinjayen yana nan. Amma maganinsa a ƙafarka yake. Duk lokacin da nisa ya ninka, sauti kai tsaye yana raguwa da desibel 6. Mu ce tsakiyar fiyano tana mita ɗaya da rabi a bayan celo. Idan sandarka tana mita 4 daga celo, fifikon da kusanci ya ba shi bai kai desibel 3 ba. Ka matso zuwa mita 2, ya kusa desibel 5. Amsa-kuwwar zaure za ta ɗan rage wannan, amma hanyar ke nan: matsowa tana ƙara celo, ja da baya yana ƙara fiyano da zaure. Tsayi ma haka. Ka ɗaga sanda, makirufo ya leƙa ta saman kan mai celo ya hango tsirkiyoyin fiyano. Ka sauke, celo ya cika gaba. Tafin hannu biyu na sama ko ƙasa yana sauya abin da awa guda a kwamfuta ba za ta sauya ba. Lokacin gwaji ka roƙe su su kaɗa wurin da ya fi ƙarfi da wurin da ya fi laushi, ka toshe kunne ɗaya da yatsa, ka yi ta yawo a gabansu, ka hau kujera in ta kama. Inda ka ji su biyun sun zauna daidai, nan ne wurin sandar. Idan har ka rasa irin wannan wuri, to matsalar zama ce, sai ka nemi mai celo ya gusa gaba da rabin mita, ko ya ɗan kauce daga bakin murfin, in ya yarda.

Murfin kuma, kada ka sauke shi don kanka. Mutane suna ɗauka tokare murfin da gajeriyar sandarsa yana rage ƙarfi. Kaifi yake ragewa. Kaurin yana fita abinsa ta ƙasa da ta gefe, kuma kaurin nan shi ne ke rufe celo. Sai ka samu fiyano mai toshewar hanci wanda bai daina danne abokinsa ba, makaɗin kuma da ya ji amonsa ya dushe sai ya ƙara duka. Da yawa daga cikin ƙwararrun makaɗa sun fi son murfi a buɗe gaba ɗaya, mai fiyano ya riƙe hannunsa. Ko ma dai mene ne, shawarar tasu ce. Yadda suka saba gwaji haka za ka ɗauka.

Babban kondensan naka yana da amfani, amma a matsayin ɗan taimako. Tunda yana sauya fuska, ka mai da shi siffar takwas. Wannan fuskar kurma ce ƙwarai ta gefe, a digiri 90, fiye da yadda bayan kadiyod yake. Ka tsayar da shi kamar santimita 80 zuwa mita ɗaya daga celo, sama da jakin tsirkiyoyi, ba daidai rami ba, ka karkata shi yadda gabansa zai kalli celo, gefensa kuma ya kalli buɗaɗɗen murfin. Ka sa hedifon, a kaɗa fiyano shi kaɗai, ka riƙa juya shi a hankali har ka ji inda fiyano ya fi yin ƙasa. Ka tuna bayansa ma yana ji daidai da gabansa, don haka ka san abin da ke can. Ka naɗe shi a layinsa daban. Wajen haɗawa ka fara da shi a kashe. Idan biyun nan na ginshiƙi sun wadatar, shi ke nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan akwai buƙata, ka ɗago shi sannu har ka fara jin celo ya ɗan matso, sannan ka koma baya kaɗan. Ka jinkirta shi gwargwadon bambancin nisa, wato in shi yana mita 1 na ginshiƙin suna mita 3, kusan milisakan 6 ke nan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya a kujerar mai celo ka tafa hannu sau ɗaya kafin jama'a su shigo, sai ka auna tazarar a allon kwamfuta. Ka kuma ajiye shi daidai inda celo yake a hoton sitiriyo, in ba haka ba za ka ji celo yana yawo hagu da dama.

Da kana da omni guda biyu, wato masu ɗaukar sauti ta kowane gefe, kuma zauren mai daɗin amo ne ba shi da hayaniya, da na ce ka gwada su a tazarar santimita 40 zuwa 60. Omni ba ya rasa kauri daga nesa yadda kadiyod ke yi, kuma maɓallin fiyano mafi kaurin murya yana kan Hz 27.5 ne. Amma a zauren da ba ka sani ba, da jama'a da na'urar sanyaya ɗaki, kadiyod ya fi rufa asiri. Ba sai ka je neman makirufon kamfanin Schoeps ko DPA ba. Suna da kyau ƙwarai, amma matsakaicin makirufo a wurin da ya dace ya fi su a wurin da bai dace ba.

Rikoda kuwa ka riga ka san ta, abubuwa kaɗan zan tuna maka. Bit 24, kilohaz 48 tunda akwai bidiyo. Ka kashe duk wani abu mai daidaita ƙarfi da kansa, domin zai ɗago hucin zaure a wuraren shiru ya danne wuraren ƙarfi, kuma kiɗan nan a tsakanin shiru da ƙarfi yake rayuwa. Ka duba maɓallin yanke kauri a jikin makirufo da cikin rikoda, da yawa suna yankewa daga Hz 80 ko 100, ka ga sun ci tsirkiyar celo mafi kaurin murya. A gwaji kada ƙololuwar sauti ta wuce desibel -12 a ma'aunin rikoda, domin makaɗa suna ƙara ƙarfi in sun ga jama'a, tafi ma yana da nasa. Wutar fantom ta bolt 48, wadda rikoda ke ba kondensa, a layi uku tana shan batir da sauri, ka jona wuta ka kuma sa sababbin batir. Ka sa makirufo a mariƙi mai roba, saboda tsinken celo da fedar fiyano suna tura girgiza ta katakon dandamali ta hau sanda. Wani abu da sababbi ke mantawa, zauren da babu kowa ya fi cikakke amsa-kuwwa, jikin mutane da tufafinsu suna shanye ta. In ka ji amon zaure ya ɗan yi yawa a gwaji, kada ka yi saurin matsowa, da dare zai daidaita. Ka fara naɗa kafin su fito, kada ka tsayar tsakanin babi da babi, ka kuma ɗauki rabin minti na shirun zauren don ranar gyara. In akwai lasifikan zaure, a kashe su da zarar an gama sanarwa, kuma kada ka karɓi layi daga mikisar zaure ka ce ka huta.

Saura masu zaure da dokarsu ta hana sanda. Wannan rigima ba ta ƙarewa. Za a yarda mai bidiyo ya kafa ƙafafu uku a tsakiyar hanya, da fitila, da mutum yana kai da kawowa, amma siririyar sanda ɗaya baƙa ita ce za ta ɓata kwalliya. Bayan wata guda kuma su ne za su kira ka su ce me ya sa sautin bai yi kamar na rediyo ba. Kada ka yi musu da ma'aikacin da aka aiko, ba shi ya kafa dokar ba kuma ba shi da ikon ɗage ta. Ka je wurin makaɗan, ka gaya musu a fili cewa wurin sandar nan shi ne zai yanke yadda za a ji su, su za su yi magana a saurare su. Ka nuna wa mai bidiyo inda za ta tsaya tun da rana don ya zaɓi kusurwarsa, yawanci kyamarori biyu daga gefe ba sa ma ganin ta. Idan an dage, ka tambaya ko zauren yana da wayoyin rataye makirufo daga rufi, wasu zaurukan kiɗa suna da su, kuma ma'aikatansu ne za su rataya, ba kai ba, domin abu ne da zai yi lilo a saman kawunan mutane. Idan wannan ma babu, ka sauke sandar ƙasa da idon 'yan layin gaba, ka kafa ta a bakin dandamali tana kallon sama, za ka samu celo da yawa fiyano ya ɗan dushe, amma ana iya saurara. Kebul ɗin duka ka manne su da tef a ƙasa, kada su ratsa hanyar fita, domin a wannan kam masu zaure suna da gaskiya. Duk abin da aka tilasta maka kuma, ka rubuta wa wanda ya ba ka aikin tun kafin ranar, ka faɗi abin da zai jawo.